Shekarar da Mama Ta Daina Cin Man Shanuna

Ranar bikin Bitrus, autana, ina zaune a bayan rumfa ina hutar da ƙafata, na ji Rifkatu tana gaya wa wata ƙawarta, ƙasa-ƙasa wai don kada in ji, cewa ni da Anti Ngozi ba ma shiri tun da daɗewa, kuma a kan Kaka ne. Ban tanka ba ranar, saboda taro ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin idan abin da 'yar farina ta sani ke nan, to shi ne abin da sauranku kuka sani, kuma shi za ku gaya wa 'ya'yanku. Don haka ku saurara. Ni da Ngozi, matar ƙanena Yohanna, ba mu taɓa yin faɗa ba. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ni ma ban taɓa faɗa mata maganar da zan ji kunyar maimaitawa ba. Kishinta na yi, kishi mai tsanani, kuma in za ku fahimce shi sai na fara muku daga man shanu.

Lokacin da muke yara a Samaru, ba a zuwa sayen man shanu, shi yake zuwa gida. Akwai wata Bafulatana, Hajjo, da rugarsu take can bayan gonar gwaji inda Baba yake aiki. Da hantsi za ka hango ta da ƙwarya bisa kai, ba ta riƙe ta ko da hannu ɗaya. Mama takan shimfiɗa mata tabarma a inuwar mangwaro, su yi ta gaisuwa, a tambayi yara, a tambayi shanu, a tambayi saniyar da ta haihu, kafin a ɗaga faifai. Curin man yana nan yana yawo a cikin nono, fari tas, da sanyinsa. Mama ta sa ɗan yatsa ta ɗanɗana, sannan ta gyaɗa kai. Hajjo ta kwaso mata, ta ƙara gyara, ita kuma Mama ta ɗebo mata kanwa ko barkono. Da yamma a wanke man da ruwa, a zuba a tukunya da albasa, a soya shi har ƙamshin ya kai ƙarshen layi, a juye a kwalba. Cuku kuwa sai ƙarshen wata, in Baba ya hau kekensa ya je kasuwar Sabon Gari wajen Buzaye. Busasshe ne, mai tauri, sai an jiƙa ko an daka shi a fura. Akwai wani kanti a can da Turawan jami'a suke sayen nasu daga firji. Mu dai ta gilashi muke ganinsa, kuma ba mu taɓa jin ya shafe mu ba.

A cikinmu ni ce na gaji wannan aikin. Da Baba ya rasu, babanku ya ce a dawo da Mama gidanmu, ta zauna a ɗakin da ke kusa da kicin. Tun daga nan babu ranar da ta ci tuwo ko fate ba da man da na soya da hannuna ba. In mata sun zo gaishe ta daga majami'a, takan ɗaga kwalbar ta nuna musu.

"Ku shinshina. Duk Samaru babu mai soya shi kamar Saratu."

Ba ta cika yabo ba, kun santa. Ba ta taɓa yabon karatuna ba, ba ta taɓa yabon tarbiyyar da na ba ku ba. Wannan kwalbar ce kaɗai inda take yabona a gaban mutane, ni kuma na riƙe ta da hannu biyu.

Sai abubuwa suka fara canzawa. Hajjo ta tsufa, 'ya'yanta suka karɓa. Aka yanka filayen kiwo aka gina ɗakunan haya na ɗalibai, ruga ta matsa gaba, ta sake matsawa. Daga baya ɓarayin shanu suka addabe su, wata rana aka wayi gari sun tashi gaba ɗaya, ko sallama ba mu yi ba. Wanda ake sayarwa a kasuwa kuma ya zama sai a hankali. Wani an cuɗa shi da wani mai daban, in ka soya sai ya yi ta kumfa ba ƙamshi. Nonon ma wasu da madarar gari suke haɗawa. Ni ban sare ba. Nakan shiga mota in tafi kasuwannin ƙauye, in bi masu ƙwarya ɗaya bayan ɗaya ina ɗanɗanawa, in dawo da yamma ƙafafuna sun kumbura. Babanku yakan ce wahalar ta yi yawa a kan cokali ɗaya na mai. Bai gane ba.

Game da Ngozi kuma, akwai abin da ba ku sani ba. Lokacin da Yohanna ya ce ita yake so, Mama ƙi ta yi.

"Duk 'yan matan da ke zumuntarmu ta majami'a bai ga ko ɗaya ba? Da wane baki zan yi magana da ita? Me zan ci in na je gidansa?"

"Mama, a Sabon Gari aka haife ta," na ce. "Hausarta ta fi ta Yohanna. Ki gan ta tukuna."

Ni na lallashi Mama har ta yarda. Ni na ɗauki kayan gaisuwa na kai gidan iyayenta. Ni na koya wa Ngozi kaɗa miyar kuka don kada ta ji kunya a gaban surukarta. Ku riƙe wannan, domin duk lokacin da abin ya taso mini a baya, nakan tuna cewa da hannuna na shigo da ita.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce shekarar da aka cire wa Mama sauran turamen haƙoranta. Daga nan cin abinci ya fita ranta. Na yi mata fate mai ruwa-ruwa, na yi kunun gyaɗa, na yi tuwo mai laushi na malala masa man shanu har yana ƙyalli. Ta kai loma ɗaya ta ture kwanon. Ta ce man yana tsaya mata a ƙirji. Ta rame har zaninta yana zagaye ta sau biyu. Wata Lahadi bayan an tashi sujada, Yohanna da Ngozi suka zo duba ta. A lokacin Ngozi ta buɗe kantin kayan shayi a unguwarsu Muchia, cikin Sabon Gari, da firji babba a ciki. Ta zo da leda a hannu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta wuce ɗakin Mama, ta zauna a ƙasa kusa da gadon. Ta fito da burodi, da wata roba ta bota, da wani cuku mai laushi da ake naɗe shi ƙanana a takarda mai ƙyalli. Ina tsaye a bakin ƙofa.

"Ngozi, kada ki wahalar da kanki," na ce. "Mama ba ta cin kayan kanti. Ko ƙamshinsu ba ta so."

"To, Yaya. Bari dai ta gani, in ba ta so sai yara su ci."

Ta cire ɓawon burodin, ta shafa botar, ta lakuta cukun a kai, ta tsoma a shayi ta miƙa. Mama ta karɓa tana yamutsa fuska. Ta tauna da dasashi. Ta haɗiye. Sai ta miƙo hannu.

"Ƙaro mini, 'yar nan."

Ta ci yanka bayan yanka. Yohanna yana ta gode wa Allah, ku yara kuna ta tsalle a tsakar gida wai Kaka ta ci abinci. Ni ma na yi murna, Allah ya sani, uwata ce. Amma a ƙarƙashin murnar wani abu mai zafi ya taso mini daga ciki. Na koma kicin na tarar da faten da na yi da safe ya sandare a tukunya, na tsaya a kansa ina kallo har Rifkatu ta shigo ta tambaye ni ko hayaƙi ne ya shiga idona.

Na ce a raina, in dai burodi da bota ne, ai ba gagara za su yi ba. Na sayo a wani kanti a nan Samaru, na yi mata yadda na ga Ngozi ta yi. Ta ci kaɗan ta ajiye, ta ce na Ngozi ya fi laushi. Na ce wataƙila iri ne ya bambanta. Na shiga bas na sauka Sabon Gari, na shiga wani sabon babban kanti da aka buɗe, irin wanda sanyi yake dukanka tun daga ƙofa, a ba ka kwando ka yi ta yawo kai kaɗai. Ga bota nan iri-iri a jere, ga cuku kala-kala, wani ja-ja, wani da huji a jikinsa, babu mai gaishe ka, babu wanda za ka tambaya daga wace saniya. Na ɗauki roba ɗaya na fara ɓalle murfin don in shinshina. Wani saurayi mai rigar aiki ya taho da sauri.

"Mama, ba a buɗewa sai an biya."

"To yaya zan san mai kyau ne?"

"Ki duba gindin robar, akwai rubutu."

Na juya robar ina duba rubutu kamar mai karanta takardar asibiti. Na sayo na kawo. Mama ta ce wannan gishirinsa ya yi yawa. Daga ƙarshe na danne zuciyata na tafi kantin Ngozi da ƙafata, na ce ta ba ni ainihin wanda take kawowa. Ta ciro daga firji ta sa mini a leda, ta ƙi karɓar komai, har ta raka ni bakin titi ta tsayar mini da mota. Roba ɗaya ce, cuku ɗaya ne, burodin ma daga gidan burodi ɗaya. Na shafa, na cire ɓawon, na tsoma a shayi. Mama ta ci rabi, ta dube ni da tausayi, wanda ya fi mini zafi a kan in ta yi faɗa.

"Kin yi ƙoƙari, Saratu. Ajiye sauran, Lahadi ta kusa."

Daga nan duk mako ya zama jiran Lahadi. Tun Asabar take sa a wanke mata ɗankwali. In ta ji ƙarar motar Yohanna sai ta gyara zama. Ina kicin ina jiyo dariyarsu, dariyar da ni ban taɓa iya fito da ita daga bakin Mama ba. Ni ce mai wanka, ni ce mai wanki, ni ce mai tunin magani, ni ce ake yi wa tsaki in na ce a sha. Ngozi ta zo da leda ta yi awa biyu ta tafi da duk fara'ar mako.

Da damina ta kusa, Yohanna ya zo shi kaɗai, ya zauna a falo yana ta murza hularsa.

"Yaya, wata shawara ce. Me zai hana Mama ta zo wajenmu ta ɗan kwana biyu? Muna da janareta, abin da take ci ba zai lalace ba. Ke ma ki huta."

"Na ce maka na gaji ne?"

"A'a, Yaya, ba haka nake nufi ba."

Muka shiga wajen Mama tare. Ya maimaita maganar. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta.

"Ni ba ni da ta cewa. Abin da Saratu ta ce shi ke nan."

Da na ce a'a, da ba ta tafi ba. Yohanna bai taɓa tsallake maganata ba, Mama kuma ba za ta buɗe baki ta roƙa ba. Kalmar tana bakina. Sai idona ya kai kan akwatinta da ke gefen gado, na ga zannuwanta na fita a ninke a samansa, da littafin waƙoƙinta a kai. Ban san yaushe ta ninke su ba. Na dubi fuskarta, na ga yadda take satar kallona kamar yarinyar da ke jiran a bar ta ta je biki.

"Ki je, Mama," na ce. "Canjin iska zai yi miki kyau."

A raina na ce ba za ta daɗe ba. Sabon Gari da hayaniya, da ƙarar injina, da kwata, ga ba ƙawayenta na zumunta. Na ce kafin a yi girbi za ta aiko a zo a ɗauke ta. Na bar ɗakinta yadda yake, ina share shi kullum.

Ba ta aiko ba. Da na je duba ta, ban same ta a gida ba, aka ce tana kanti. Na tarar da ita a kan kujerar roba a bakin ƙofa, ta yi ƙiba, kumatunta sun ciko, an yi mata kitso irin na matan can. Ita ce mai miƙa wa yara alawa. Har ta koyi tambayar masu saye abin da suke so da Turancin buroka, tana yi tana dariyar kanta. Ina zaune kusa da ita da kwalbar man shanuna a jaka, wata mata mai sayar da wara, ɗanyen cukun nono, ta wuce da tire a kai, ta ɗaga murya.

"Mama Ngozi, ina wuni? Yaya jiki?"

"Lafiya lau, 'yata. A yi kasuwa lafiya."

Ta amsa. Ko ɗan jinkiri ba ta yi ba. Tun ranar da aka haife ni ake kiran matar nan Maman Saratu. Haka Hajjo take kiranta, haka fasto yake kiranta, haka Baba yake kiranta har ya koma ga Allah. Na zauna a bakin kantin nan ina jin masu acaba, da masu ɗinki, da 'yan makaranta, kowa ya wuce sai ya ce Mama Ngozi, ita kuma tana ɗaga musu hannu. Ngozi ta lura da fuskata. Ta matso ta ce a hankali, "Yaya, ba ni na ce su kira ta haka ba." Na ce na sani. Kuma na sani ɗin. Da ita ta sa su, da na samu abin riƙewa. Ban fito da kwalbar daga jaka ba ranar, na koma da ita Samaru.

Wannan ne dalilin da ya sa kuka ga na rage zuwa Muchia, nake aikenku. Ba gaba nake yi ba. Kowace tafiya sai na kwana biyu ban dawo daidai ba, kuma ku ne kuke shan faɗan da ba ku san dalilinsa ba. Mama ta yi shekaru masu daɗi a can, ba zan rage wa Ngozi ko ƙwayar wannan ba. Da ciwon ƙarshe ya zo na tattara na koma can na zauna. Wata safiya Ngozi ta fita karɓar kaya, na haɗa shayi na kai cokali bakin Mama. Ta buɗe ido ta gane ni sarai, ta kira sunana, ta shafa hannuna. Sannan ta kau da kai daga cokalin.

"Bari ta dawo. Ita ta san yadda nake so."

Na ajiye kofin na jira tare da ita. A hannun Ngozi ta sha, kuma bayan 'yan kwanaki a kan cinyar Ngozi ta cika, ni ina riƙe da ƙafafunta. Ranar jana'iza 'yan layin kantin suka rufe shagunansu suka cika motoci zuwa Samaru. Da yawansu sai a wurin suka san cewa marigayiyar tana da wata 'ya.

Yanzu ku ko kantin ma ba ku zuwa. Ina ganin Rifkatu tana danna waya, kafin a jima mai babur ya kawo bota da cuku har ƙofa. Man shanun ma na ga ana zuba shi a roba da takarda manne, wai soyayye, ba ka san hannun da ya soya ba. Na daina bin kasuwannin ƙauye tun da gwiwa ta ƙi.

Saura abu ɗaya, wanda kun san farkonsa amma ba ku san ƙarshensa ba. Bara da na faɗi a bayan gida na karye, kuna ta waya tsakaninku, wannan ya ce Kaduna, wannan ya ce Abuja, kowa da aikinsa da hawan benensa. Ngozi ba ta shiga shawarar ba. Yohanna ya riga ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse, ita kaɗai ce a gidan. Ta ɗauko mota ta zo asibiti ta ce wa direba ya ɗauki jakata. Ta sauke ni a gidanta, a ɗakin da Mama ta zauna. Na ce a raina, to, yau zan ga abin da take yi wa mutum. Da safe ta shigo da tire, na kafa wa hannunta ido. Ta cire ɓawo, ta shafa, ta tsoma. Babu abin da ta yi wanda ban yi ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon, ta ɗauki yanka ɗaya ita ma tana ci, tana ba ni labarin wani mai kawo mata ƙwai da matarsa ta kore shi. Ban san lokacin da na cinye ba. Ƙafa ta warke, na ci gaba da zama, ina cewa likita bai sallame ni ba tukuna. Sai da kunya ta kama ni na ce zan koma gidana.

Ranar tafiya tana taya ni ninke kaya, ta ce, "Yaya, gidan zai yi mini shiru. Akwai wata tsohuwa a cocinmu, 'ya'yanta sun bar ta ita kaɗai. Ina tunanin in kawo ta ɗakin nan ta zauna."

Abin nan mai zafi ya taso mini daga ciki, daidai inda yake tasowa a da. Tsohuwar da ban taɓa gani ba, ban san ko sunanta ba. Na ajiye zanin da ke hannuna.

"Wace tsohuwa? Ba ta da dangi ne?"

"Tana da su, amma..."

"To su riƙe ta. Kada ki sa kowa a ɗakin nan, Ngozi. Sanyi na zuwa, kuma ƙafar nan ba ta gama warkewa ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙafar da na taka da ita har bakin mota kwana ɗaya kafin nan ba sanda. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa don dariya.

"To, Yaya," ta ce. Ta buɗe jakar ta fara mayar da kayana cikin durowa.